Barma Ba Ya Ɗaukar Gida Guda A Sawu Ɗaya

Shekara goma sha tara ke nan da Tafkin Cadi ya cinye yayana Barma. Ina cikin jirgin ranar. Na fita, shi bai fita ba.

Kwale-kwalensa mai inji shi kaɗai ke haɗa tsibirinmu da gaɓa, sau ɗaya a rana. Yana da doka: ba ya kwasar 'yan gida ɗaya gaba ɗayansu. Wasu yau, wasu gobe, ko iyalin mai gari ne.

Ranar da za mu kamo hanyar Makka ta Sudan, na iso bakin ruwa da mijina da 'ya'yana uku. Motar da za mu bi daga gaɓa ba ta jiran kowa.

Na ce, "Yaya, yau ɗaya dai ka ɗauke mu duka."

Ya ce, "Ke da kaya ku shiga. Mijinki da yara gobe."

"In motar ta tafi fa?"

"Ta tafi."

A gaban mutane na ce masa mugu, baƙin ciki yake mini. Bai tanka ba, ya ja igiyar inji.

Mun yi nisa iska ta taso. Muna kwarfe ruwa da ƙwarya, yana ƙaruwa. Inji ya mutu, jirgi ya juya gefe ya kife. Zanena ya naɗe mini ƙafafu. Barma ya turo mini jarkar mai, ya ce, "Riƙe, kada ki saki." Ya juya wajen wata tsohuwa. Masunta suka tsamo ni. Ƙaramin ɗana lokacin bai cika shekara biyu ba, da Barma ya ɗauke mu duka, da a bayana yake goye.

Yanzu a Makka nake, unguwar Rusaifa. Babban ɗana yana jan bas daga tashar Kudai. Da Barma zai ga yadda ake loda zuriya guda a mota ɗaya, da ya tare ƙofa. Da an zage shi da Larabci, da bai tanka ba.

Watan jiya za mu Madina, ɗana ya kawo mota ɗaya, ta ishe mu. Na ce a nemo ta biyu.

Matarsa ta ce, "Haba Umma, kwalta ce fa, ba ruwa ba. Yalla, mu tafi."

Na zauna a kan jakata. Har azahar ina zaune, sannan aka nemo.

Barma bai bar ɗa ba, bai bar kabari ba, ni kuma ban samu na nemi gafararsa ba. Allah ya jiƙansa. Ranar tafiyar Madinan nan, ni da kaina na raba jikokina, uku nan, biyu can. Suna ta gunaguni. Ban tanka ba.