Allurar Kwana Uku

Ana idar da sallar asuba muka bar Kazaure, ni da ƙanwata da jaririnta ɗan kwana tara, sai mijinta a gaba kusa da direba. Fijo ce sabuwa dal ta wani maƙwabcinmu ɗan kwangila, wanda ko ledar kujeru bai yarda an cire ba. Tun ba mu kai Ɗambatta ba maijego ta jiƙe sharkaf da gumi.

Ga abin da ya fitar da mu. Haihuwata biyar, ta fari kaɗai ta rayu. Sauran huɗun kowanne da shawara ya zo, idanu rawaya, ba wanda ya kai ranar suna. An ce wabi ne, an ce iska ce, na sha rubutu da sassaƙe har na gaji. Bara wata nas da aka turo garinmu ta ji labarina, ta ce jinina ne ba ya shiri da na 'ya'yan, kuma abin yakan bi 'yan'uwa. Ni kam lokacina ya wuce, in ji ta, amma masu bincike sun gano wata allura. Ta rubuta mini takarda, ta ce da zarar ƙanwata ta yi haihuwar fari a kai ta Kano maza. Kafin cikin ƙanwata ya tsufa aka canza wa nas ɗin wurin aiki.

Da aka haihu na kawo maganar, mahaifiyarmu Inna ta ce a gidanta maijego ba ta taka ƙofa sai ta yi arba'in. Ni kuwa bakina ba ya mutuwa. Kwana biyu muna ja-in-ja kafin ta sauko ta ce to, bayan suna. Ranar har tafiyata ta canza, ina ganin na yi abin a yaba mini.

Hanya cike take da tirelolin siminti, wata na bin wata, ga katafila tana ta ƙwaƙular gefen titi. Mun wuce wata bas da ta kife, takalman mutane warwatse a kwalta, duk muka ɗauki salati a motarmu. Daga Rijiyar Lemo kuwa gini ake ko'ina, gonakin da na sani duk sun koma bulo da rodi.

A Fagge muka sauka gidan gwaggonmu. Ta rantse ba inda za a je sai maijego ta yi wankan safe ta sha kunun kanwa, ta ɗora tukunya tana yi mana ƙorafin tsadar gari. Wai tun da aka yi ƙarin albashi ko mai ga-ruwa sai ka yi masa magana da ladabi, shi ma rediyo yake rataye da ita. Mun yi dariya, ita ce ta ƙarshe a ranar.

Cunkoson shataletalen Bata ya cinye mana awa guda. Sababbin babura ta ko'ina, 'yan dako ɗauke da dilolin atamfa daga Kantin Kwari suna ratsa motoci ba ko waiwaye. Sabon Gari ta tarbe mu da kiɗa daga kowane shago da warin kwata da na bandar kifi. Asibitin da ke cikin takardar na kuɗi ne, a saman wani bene.

Mai awon jinin Bayarabe ne haifaffen Kano, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya ɗiga jinin uwa da na ɗa a kan wani farin faranti, ya zuba wa kowanne wani ruwa ya juya. Na jaririn ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke, na ƙanwata ya tsaya sumul. Likitar, wata Ba'indiya, ta yi bayani yana fassarawa. A jikin ƙwayoyin jini akwai wani tambari, yawancin mutane suna da shi, mu ba mu da shi. Wajen haihuwa jinin ɗa mai tambari yakan ɗan shiga na uwa, jikinta ya ɗauke shi baƙo ya shirya masa yaƙi. Ɗan fari ya riga ya fita, waɗanda ke bayansa ake yaƙa tun suna ciki. Allurar tana share jinin ɗan kafin jikin uwa ya farga.

Har mai awon ya buɗe firji ya ɗauko ta, 'yar kwalba ko tsawon yatsa ba ta kai ba, sai likita ta tambayi wani abu.

"Hajiya, yaushe ta haihu?" ya ce da ni.

"Yau kwana tara."

Ya dubi likita, ya dube ni. "Cikin kwana uku ake yin ta, Hajiya."

Na roƙe su ko yanzu a yi mata. Likita ta ce idan jikin zai farga ya riga ya farga. Ba kowace mace abin ke kamawa ba, mu dawo bayan wata shida a sake awo. Ina kallo ya mayar da kwalbar ya rufe firjin. Ban taɓa jin tsanar kaina irin ta lokacin ba, ni da nake malamar makaranta amma ban tambayi nas maza ɗin nan kwana nawa ne ba.

Ko gidan Gwaggo ba mu koma ba. Mijin ya saya mana gurasa da tsire a Fagge, ba wanda ya taɓa. Dab da magariba muka shiga gida, Inna tana tsakar gida tana hura wutar ruwan wanka.

"An yi allurar taku?" ta ce.

Na buɗe baki, ƙanwata ta riga ni. "An yi, Inna. Ko zafi babu."

Abin da tafiyar ta koya mini bai da yawa. Magani yana iya kasancewa a Kano, ga mota ga takarda, a rasa shi saboda tambaya ɗaya da ba a yi ba. Yanzu duk wanda ya ce mini maza, sai ya faɗa mini kwana nawa. Ƙanwata kuma ta sa na yi mata alkawarin Inna ba za ta ji daga bakina ba, ko da wata shidan ya zo da abin da muke tsoro.