Ƙaras-ƙaras a Cikin Dambu

A gidanmu na Maruta, kakata Inna ba ta yarda kowa ya huda kwanon samira sai ita. In ana son madambaci, kwanon da ake huda gindinsa don turara dambu, to aikin kwana uku ne. Takan ɗora kwanon bisa jiƙaƙƙen rairayi, ta ɗiga ruwa inda za ta huda, ta yi ta murza bakin ƙusa tsakanin tafukanta har farin fentin ya cinye, baƙin ƙarfe ya bayyana. Sannan ta ɗan ƙwanƙwasa. In huji ya fita sai ta zura auduga ta ja, in zare ɗaya ya maƙale, aiki bai ƙare ba. Mu jikoki mun ɗauka tsabar fitinar tsufa ce.

Kowane jika tana kiran sunansa har da tsokana, ban da ni. Ni kullum "ke yarinyar nan" ce. Ban damu ba, don na san sunan 'yarta ta fari aka sa mini, wadda ta rasu tana ƙarama, kuma mace ba ta faɗin sunan 'yar fari.

Lokacin kaka, bayan sallar isha'i, mukan kewaye murhunta muna tonon gyaɗa a toka. Tatsuniyoyinta na dariya ne, kowa a ciki da muryar da take yi masa. Guda ɗaya ce ba ta dariya ba, kuma ba ta yin ta sai ranar da ta gama huda kwano.

"Ga ta nan, ku matso kada ta wuce ku," in ji ta.

"Ta zo, muna nan," mu amsa, jikinmu ya riga ya yi sanyi.

Wai wata mata ce a wani ƙauye bayan duwatsun Birnin Kudu, mai zafin nama, ba ta san jira ba. Ran nan baƙi na hanya, madambacinta na ƙasa ya fashe. Sai ta sauko da sabuwar samira daga jere, ta ɗauki ƙusa da dutse, bugu bakwai huji bakwai. Kowane bugu fenti ya tarwatse kamar ɓawon ƙwai. Nan Inna kan shaƙe murya ta yi maganar kwanon: "Kin huda ni da gaggawa, ni kuwa a hankali zan rama."

Matar ta ɗauraye shi sau ɗaya ta ɗora. Dambu ya yi kyau, baƙi suka yi ta santi. Tana da 'ya ƙarama mai son kankare gindin kwano. Yarinyar ta tauna ta ce, "Dambun nan yana ƙaras-ƙaras." Uwar, ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ce, "Tsakuwa ce, haɗiye."

Kullum aka turara dambu, farin da ke bakin hujin sai ya ragu. Matar tana gani, ba ta taɓa tambayar ina yake tafiya ba. Yarinya tana kankara tana haɗiyewa. Sai ta fara riƙe ciki. Sai ta daina wasa. Sai ta daina neman kwanon.

A nan Inna kan mai da ido kan garwashi.

"Sai me, Inna?"

"Sai kwano ya gama ramawa. Ƙurunƙus. Ku tashi, wuta ta mutu."

Wutar kuwa tana nan tana ci. Nakan yi kwanaki ina laluben dambu da harshe kafin in haɗiye.

Ina koyarwa a wata Islamiyya a Gwaram Inna ta rasu. Da muka zo kwashe kayan ɗakinta, na jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, an naɗe da tsohon zane. Kwanon samira ne. Huji bakwai, bakinsu kaca-kaca, tsatsa ta ci, babu ɗigon fari a kewayensu. Babana yana bakin ƙofa. Da ya gani sai ya zauna a ƙasa.

"Ashe ba ta jefar ba," ya ce. "Yayata ce take kankare shi. Wadda aka sa miki sunanta."

Shi bai riske ta ba, daga bakin mahaifinsa ya ji. Wai a shekarar, suna zaune a ƙauyen Unguwar Ya, ciwon ciki ya ɗauki yara har a gidajen da ba a turara dambu ba. Malamai sun yi ta gaya wa Inna ajali ne. Takan ce ta sani.

A da ina ganin darasin tatsuniyar haƙuri ne, kada a yi aiki da garaje. Yanzu abin da ke tsaya mini a rai daban ne. Inna ta yi wa kwano murya, ta yi wa yarinyar murya, amma in ta zo kan "haɗiye", da muryarta ta kullum take faɗa. Kowace shekara tana zaunar da mu tana gaya mana abin da take ganin ta yi, da mai sunan 'yarta a gabanta, mu kuwa muna ɓare gyaɗa. Tausayinta ya kama ni a lokacin da babu sauran wanda zan gaya wa.

Yau akwai mai walda a kasuwarmu da ke da injin huji. In na kai masa kwano, yakan manna salatif, ya sa katako a ƙasa, ya ɗiga ruwa, huji ya fita sumul. Duk da haka sai na zaro auduga daga jaka na bi hujin ɗaya bayan ɗaya, yana dariya yana cewa, "Malama, har yanzu ba ki yarda da inji ba?"

Kwanan baya 'yata tana cin dambu ta ɗago kai ta ce, "Umma, akwai wani abu a ciki." Ban san sanda na isa gabanta ba, tafin hannuna a ƙarƙashin haɓarta.

"Tofar," na ce. "Tofar duka."