Safiyatu da Rubutun Likitoci

Safiyatu 'yar mahauci ce a Garwa, ta manyanta tana aikin jinya a ɗakin mata. Da ganinta ya ragu, rubutun likitoci ya gagare ta. Ta yi niyyar ajiye aiki, don kada ta ba mara lafiya maganin wani. Ana haka asibitin ya raba musu kwamfutar hannu. Ta ƙi taɓa tata, sai da Fauziya, abokiyar aikinta, ta buɗa rubutun likitan da ke kan tata kwamfutar da yatsu biyu ya yi girma.

"Yaya, karanta mana," in ji Fauziya.

Safiyatu ta karanta sunan maganin tsaf. Ta share ƙwalla ta ce, "Allah ya saka miki, ƙanwata." Har yau tana nan tana aikinta.