Yaya Muhtari Ba Ya Faɗin Wanda Ya Zo

Yayana Muhtari ya yi shekara ashirin da biyu yana koyarwa a firamare a Galadi. Da 'yan bindiga suka tashe mu muka dawo Ƙauran Namoda, matarsa ta rasu a daminar farko, 'ya'yansa biyu kuma suka tafi Gusau neman abinci. Muka rage ni da shi a gidan haya. Sai wata ƙungiya ta ba shi ɗaki a wani lungu bayan tasha, wai ya riƙa sauraron matsalolin matasa yana ba su shawara. Na yi dariya har da riƙe ciki. Mutumin da ba ya barin kowa ya kai aya, shi ne zai saurara?

Ashe zai iya. Samarin unguwa suka fara zuwa, masu shan ƙwaya da waɗanda aka taɓa sacewa suka dawo ba sa iya barci. Ta ƙofar baya suke shiga, don duk wanda aka gani a ɗakin nan an gama yanke masa hukunci. In sun haɗu da shi a hanya kau da kai suke yi, shi ma ya kau da nasa. Mutum ya yi kuka a gabanka da hantsi, da la'asar ya wuce ka ko sallama babu! Abin yana ƙona mini rai, shi kuwa ya ce haka aikin yake.

Majalisar ƙofar masallaci ma ya daina zama, saboda kullum sai an zungure shi, ɗan wane fa, ya zo? Aboki ɗaya ya rage masa, Alhaji Faruku mai hatsi, wanda suka tashi tare tun suna wasan ƙasa.

Ana haka wani mai gyaran babur, Sirajo, ya nemi auren Kulsumu 'yar Alhajin. Ana cikin bincike sai wani ya kai tsegumi, wai an taɓa ganin Sirajo a lungun. Alhaji ya zo har gida, ina tsakar gida ina jin su a zaure.

"Muhtari, ɗiyata ɗiyarka ce," in ji Alhaji. "Hwaɗa min gaskiya, yaron ga ya taɓa zuwa wurinka?"

Yaya ya ce, "Alhaji, ba ni hwaɗin wanda yaz zo, ba ni hwaɗin wanda bai zo ba."

"Har ni?"

"Har kai. Ka tambayi maigidanai, ka tambayi liman, ko ka kira yaron ka ji daga bakinai."

"Shekara hamsin muna tare, yau ni ka mayar baƙo?"

Alhaji ya sa takalmi ya fita.

Na same shi na yi ta faɗa. Mene ne a ciki in ya raɗa wa amininsa kalma ɗaya? Ya ce in ya buɗe baki yau, gobe babu yaron da zai sake taka ƙofar nan. Ni kaina har yanzu ban san ko Sirajo ya taɓa zuwa ba.

Alhaji ya yi bincikensa wani wuri ya gamsu, aka sa ɗaurin aure bayan babbar sallah. Aka raba goro gida-gida, aka tsallake namu. Sirajo ma bai aiko ba, don gayyatar Yaya tamkar amsa zargin ne.

Ranar duk da haka ya yi wanka ya sa babbar riga, ya zauna a zaure ko Alhaji zai huce ya turo a kira shi. Muna jin sanƙira yana sanar da an ɗaura. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa. Ya shigo ya cire rigar ya ninke, ya ce, "Mariya, zamna mu yi hira mana."

Na zauna. Ya buɗe baki sau biyu yana rufewa. Duk labarin da ke cikinsa na mutane ne, babu ko ɗaya da zai iya ba ni.