Shekarar da Jarrabawa ta Zo da Sauƙi

Malsun ba ta taɓa zama jarrabawar shiga jami'a ba. Tana 'yar sha huɗu aka ciro ta daga makaranta aka kai ta masaƙa a nan birnin Daegu, ta yi shekara ashirin a gaban inji, sannan ta buɗe shagon gyaran tufafi jikin shagona na abinci a kasuwar Seomun. Mace ce mai kafiya, in ta sa abu a gaba ko ni da nake ce mata Yaya ba na iya tanƙwara ta. Abin da ta sa a gaba kuwa shi ne 'yarta Dabin ta karanta haɗa magunguna.

Sau biyu Dabin tana zama Suneung, jarrabawar shiga jami'ar. Na biyun ya zo da zafi, yara suka fito suna kuka, ita ma ta faɗi da ƙiris saboda zazzaɓin da ta shiga da shi. Ubanta ya ce karo na uku shi ne na ƙarshe, in ba ta samu ba akwai gurbi yana jiran ta a masana'antar tabarau ta ƙaninsa. Jami'ar da take nema kuma ba ta karɓar komai a lissafi sai mataki na ɗaya.

Da ya rage kwana ɗari, Malsun ta fara hawa dutsen Gatbawi, inda iyaye ke zuwa roƙo, kullum da safe, da gwiwoyinta masu ciwo, ta yi durƙuso ɗari da takwas, ta sauko ta buɗe shago. Rannan ina yanka kimbap, naɗin shinkafar da nake sayarwa, na tambaye ta abin da take roƙa.

"Me kuwa zan roƙa? A kawo musu mai sauƙi bana. Ta bara ai zalunci ce."

Wuƙar ta tsaya a hannuna. Ɗana ya yi wannan jarrabawa, na san yadda take. Ba maki ake kallo ba, jeri ake yi, mutum huɗu cikin ɗari ne kawai ke samun mataki na ɗaya. Dabin kuwa ƙarfinta duka yana kan tambayoyin nan masu tauri da ke kayar da kowa. In aka kawo mai sauƙi, kowa zai ci, kuskure ɗaya ya jefa ta baya. Na buɗe baki, na kalli gwiwarta da ta ɗaure da bandeji, na ce, "Ci, Yaya, kafin ya bushe." Har yau ina jin haushin kaina.

Ranar Alhamis ɗin da aka yi jarrabawar muka tsaya a ƙofar makarantar tun azahar, cikin iyaye, sanyi na cin yatsunmu. Da aka buɗe, yaran farko suka fito da gudu suna dariya.

"Lissafin nan ko ƙanena ɗan firamare zai ci!" in ji wani dogo.

"Kai dai rufa mana baki, jaki, kai ma yau ka zama gwani," abokinsa ya ce yana dukan ƙeyarsa.

Malsun ta damƙe hannuna har ya yi zafi. "Kin ji? Kin ji ko? An amsa mini!"

Dabin ce kusan ta ƙarshe. Ba ta kalli kowa ba, tana riƙe da katin shiga jarrabawa, wanda ta kwafe amsoshinta a bayansa kamar yadda duk suke yi. A shagona muka zauna da magariba aka fitar da amsoshin. Dabin tana bi da fensir ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna kallon fensirin. Ya wuce tambaya ta ashirin da ɗaya, ya wuce ta talatin, masu wuyar duka. Sai ya koma sama ya tsaya a ta huɗu.

"Guda ɗaya ce tak, 'yar nan!" Malsun ta ce. "Ɗaya cikin talatin! Bara shida kika rasa."

"Mama, bara da shidan nan ma na kusa samu. Bana sai wanda bai rasa ko ɗaya ba." Ta juya katin ta kife. "Da sun kawo mai wuya, da na wuce."

Malsun ta dube ta, ta dube ni.

Sakamakon da ya fito a Disamba bai canza komai ba. Bayan sabuwar shekara na leƙa shagonta na tarar tana rage hannun wata shuɗiyar rigar aiki mai tambarin masana'antar tabarau. Ba ta ɗago ba, allura a bakinta, ta cire ta tukuna.

"Kin sani tun ranar da kika tambaye ni?"

"Na sani, Yaya."

"Kwana ɗari kina kallona ina hawa dutsen nan ina roƙa wa 'yata faɗuwa."

Na ce mata roƙo ba shi ke tsara jarrabawa ba, wasu malamai ne a ɗaki. Ta ce ta sani. Ta taka keken ɗinkin, ta gama hannun hagu, ta jawo na dama.