Ragnfrid, Mai Fara Tsallakawa

Ranar Lahadi, tara ga Maris, dusar ƙanƙara ta zaftaro daga dutsen da ke bayan ƙauyenmu a Lyngen, ta tafi da Ragnfrid Aslaksen a kan idona. Har yau, ƙanƙara in ta zamo daga rufin gida, sai in waiwaya in dubi dutsen.

Ragnfrid, kin sha ba mu haushi. Muna ɗokin zamiya da katako a kan dusar ƙanƙara, ke kuwa kin durƙusa da shebur kina haƙa rami a gangare, kina luma yatsa cikin dusar daga sama har ƙasa. Da kin tarar da mai warwashewa kamar sukari a can ƙarƙashi, sai ki ce gangaren zai iya zaftarowa, a juya gida. Abokin hawanmu Torleif ya taɓa ce miki aikin haƙa kabari ne ya dace da ke. Kika zuba masa kofi, kika ce, "Sha, sarkin gaggawa. Naka ne ba na so a haƙa."

Ke kika kafa mana doka: gangare mai tsauri ɗaya bayan ɗaya ake tsallaka shi, sauran su fake a bayan dutse suna kallo. Kuma kullum ke ce ta farko. Ran nan raminki bai nuna komai ba, ashe iska ta tara sabuwar dusa can sama. Kina tsakiya muka ji gurnani a ƙarƙashin ƙafafunmu, fuskar gangaren ta tsage a samanki. Na'urar gano wanda dusa ta binne da ke ƙirjinki ta kai mu inda kike, muka haƙa har hannuwa suka mutu, amma mun makara. Da a jere muka bi ki, da gida biyar ke makoki yau.

Jiya mijinki Eilif ya zo da katakon zamiyarsa, wai in kai shi ya ga wurin. Ragnfrid, sukarin nan yana nan kwance, wata dusar ma ta sake sauka a kansa. Na ce a'a. Ya ce to zai hau shi kaɗai. Tsoro ya kama ni, na ƙwace katakon na kulle a ɗakin itacena. Bai yi mini sallama ba da zai tafi, kuma na san akwai wani katakon a gidanku, naki.

Allah ya jiƙan ki, ya sa kin huta. Allah ya ba 'yarki Sunniva da dangi haƙurin rashinki. Eilif kuma, ya Ubangiji, ka riƙe mana shi a ƙasa har ƙanƙara ta narke.