Koriyar Wuta

Baba ɗan bindiga ne, amma ba na farauta ba. Irin waɗanda ake kira gidan biki ne, ko ranar da mahajjata suka dawo, su jeru a bakin gari su ɗura albarushi su saki ƙara har kaji su watse. Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Bungudu ya san ƙarar bindigarsa. Shi yake haɗa albarushinsa da hannunsa a wani ɗan ɗaki bayan rumbu, ɗakin da Inna ta hana mu ko leƙawa, kuma har ta tsufa ba ta daina mitar an gina shi kusa da hatsinta ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai tun ina ƙarama. Wani tsohon soja ya taɓa ba shi labarin ya ga wuta koriya shar a sararin sama a wata ƙasa, shi kenan Baba ya ɗauki abin ya sa a ka. Ya gwada garin tagulla daga maƙera, ya gwada kanwa, har busasshen ganyen kuka ya taɓa dakawa ya zuba, mu kuwa muka yi ta dariya a ɓoye. Kullum wutar da ke fita bakin bindigar ja ce, ko ta yi rawaya-rawaya. Inna takan ce ribar da ya ci a wannan nema ita ce ƙonanniyar gira. Abokansa sun ce sojan nan shararo masa ita ya yi, amma Baba bai taɓa yarda ba.

Bayan an yi mana jiha aka dawo da maigidana Gusau da aiki, ni kuma na samu koyarwa a wata firamare. Gidan haya muka kama, katanga ɗaya da wasu Kiristoci 'yan kudu. Mijin yana da shagon kayan lantarki, kuma ya kafa babban farantin nan na kama tashoshin waje a tsakar gidansa. Mutanen kirki ne. Matar ta fi ni iya tuwon dawa, abin da har yau nake jin haushinsa.

A damina ta biyu da zuwanmu idon Baba ya matsa, na sa aka kawo shi asibiti a Gusau. Likita ya ce yanar ido ce a duka biyun. Na hagu ta riga ta rufe shi, haske da duhu kawai yake bambancewa. Na dama yana gani dishi-dishi, shi ma yana kan hanya. Ya ce aikin ba wani abin tsoro ba ne, amma masu yin sa sai bayan kaka za su zo, a yi haƙuri a jira. Baba ya ce to. Na san wannan to ɗin nasa, irin wanda yake yi wa Inna ne idan ta ce a rushe ɗakin albarushi.

Da yammacin ranar maƙwabcinmu ya shigo gaishe shi, ya ja shi zuwa falonsa ya sha iska. Muna zaune sai tashar da ke kunne ta sako talla. Wai za a yi gasar wasan wuta a wata ƙasa mai nisa, ƙasashe su taru a bakin ruwa, kowace ta harba nata a sama, kuma kowace da labarin da za ta bayar da wutar. Wata ta ɗauki teku, wata ta ɗauki yaƙi. Wata kuma ta ce nata labarin gona ne, daga shuka har girbi. Suka ɗan nuno kaɗan, ƙiftawa da bismilla. Matar gidan ta tafa hannu ta ce dubi kore, kamar ganye.

Baba ya miƙe zaune.

"Mi tac ce?" ya tambaye ni.

Na ce ta ce wutar koriya ce.

"Koriya? Ke kin gane ta da idonki, ɗiyata?"

Na ce na gani. Ya ja kujerarsa har gwiwarsa ta taɓa teburin talabijin, ya rufe idon hagu da tafin hannu kamar mai saitin bindiga, amma an riga an wuce tallar. Haka ya zauna har aka kira magariba yana jiran a sake sakowa. Maƙwabcinmu ya yi masa bayani cewa gasar da saura 'yan makonni, kuma tashar takan maimaita shirin da la'asar, ya yi alkawarin ko an ɗauke wuta zai tayar da janareta. Baba ya yi masa godiya irin wadda ban taɓa jin ya yi wa kowa ba.

Da ya koma Bungudu sai zancen ya cika unguwa. Duk direban da ya taso daga can sai ya tsaya ƙofar gidana da saƙo ɗaya: Baba yana tambaya ko an sa rana. Ya bi abokansa ɗaya bayan ɗaya yana gaya musu sojan nan bai yi ƙarya ba. Ya sa aka wanke masa babbar rigarsa tun da sauran lokaci. Da farko abin dariya ya ba ni, daga baya ya fara damuna, domin da na je ganinsa wata Juma'a na tarar ba ya gane ni sai na yi magana. Idon daman yana rufewa da sauri fiye da yadda likita ya zata. Ya riƙa ɗaga hannunsa yana kallon yatsunsa, yana matso da su, yana nesanta su. Ya tambaye ni ko ba za a roƙi likitocin su zo kafin kaka ba. Na ce masa ba 'yan gidanmu ba ne da za mu aika a kira su. Ina da saurin baki, kowa ya sani.

A zamanin akwai masu aikin ido na gargajiya da ke bin kasuwanni. Ba cire yanar suke yi ba. Wani siririn tsinken ƙarfe suke sakawa ta gefen ido su ture ta ta faɗa ciki, sai haske ya shigo nan take, mutum ya tashi yana salati a gaban jama'a. Abin da ke biyo baya ba a kasuwa yake faruwa ba, shi ya sa ba a cika jin labarinsa ba. Na ja wa Baba kunne a kan su tun ranar da muka fito daga asibiti, kuma ya ce to.

Wata safiya ina aji aka ce ana sallama da ni. Inna ce tsaye a bakin ƙofar makaranta, ita da ba ta fita ko'ina, mayafinta a karkace. Ta tambaye ni ko Baba ya kwana lafiya. Na ce wane Baba?

"Ya ce mani nan za shi, wurinki," in ji ta. "Yau kwana nai ukku."

Kafin azahar muka samu labari a tasha. Wani kwandasta ya ce ya ga tsoho mai babbar riga ya sauka daga motar Bungudu ya hau ta Tsafe ranar kasuwa. Wato ya ratsa Gusau, ya wuce ta bakin layinmu, bai tsaya ba, don ya san zan tare shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa. Duk hanyar Tsafe ina tsara faɗan da zan yi masa, Inna kuwa tasbaha take ja.

Mun same shi a zauren wani tsohon abokinsa, kwance a kan tabarma, an ɗaure masa fuska da ƙyalle. Mai aikin ya daɗe da tattara kayansa ya yi gaba. Abokin ya ce ranar farko Baba ya gani tangaran, har ya ƙirga awakin da ke tsakar gida yana dariya. Washegari ciwo ya taso. Da na ɗaga ƙyallen sai duk faɗan da na tsara ya gudu. Idon ya kumbura ya yi jawur, yana zubar da ruwa. Kuma na dama ne.

Nan ne abin ya fi ƙona mini rai. Da na hagu ya bayar, wanda ya riga ya rufe, da da sauƙi. Abokin ya ce shi ma mai aikin na hagu ya so taɓawa, Baba ne ya ƙi. Na tambayi Baba dalili.

"Da shi ni ka saiti," ya ce. "Shi yas san aiki."

Likitan Gusau bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya duba, ya rubuta magani, ya ce za a kashe ciwon amma idon ya tafi. Na hagun ne kawai abin sa rai, idan masu aiki sun zo. Baba ya zauna wurina yana jinya. Ba ya cin abinci sosai, ba ya hira, kuma bai sake ambaton gasar ba. Mu ma muka yi shiru da zancen. Maƙwabcinmu har rage ƙarar talabijin yake yi idan an sako tallar, don kada ta tsallako katanga.

Ranar da za a nuna, na yi niyyar ta wuce ba tare da ya sani ba. Sai ga shi bayan sallar la'asar ya ce a miƙo masa babbar rigarsa. Ashe yana lissafe, daga bakin yaran maƙwabta yake jin kwanakin. Inna ta ce me zai je yi, ya ce shi dai a kai shi. Na riƙe hannunsa muka zaga.

An ɗauke wuta kuwa, maƙwabcinmu ya cika alkawari ya tayar da janareta. Matarsa ta saki labule don falon ya yi duhu, wai ko zai taimaka. Aka zaunar da Baba dab da talabijin. Ƙasa biyu suka yi nasu, yana jin ƙarar yana gyaɗa kai, wani lokaci ya ce wannan ɗurin ya yi nauyi. Ya ce yana ganin abu na walƙawa a idon hagu, fari-fari, babu launi. Da aka sanar da masu labarin gona na gaya masa. Ya lalubo hannuna ya riƙe.

"In ta zo ki matsa mani hannu," ya ce.

Suka fara da wasu ƙananan farare masu zubowa kamar yayyafi. Sannan daga ƙasa, daga bakin ruwan, sai ga koriyar tana tsirowa layi-layi, tana hawa, har ta cika sama. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba. Na matsa hannunsa da ƙarfi.

Ya daɗe fuskarsa na fuskantar hasken. Can ya ce, a hankali, "Ashe dai ana yi."

Na ce ana yi, Baba.

"Wane irin kore na? Na kuka, ko na rama?"

Na share fuskata da gefen mayafi na sake dubawa da kyau, don ban so in ba shi amsar da ba ita ba. Na ce ba ko ɗaya, irin na gero ne sabon tsiro, kwana kaɗan bayan ruwan shuka, da safe kafin rana ta yi zafi.

Ya saki ajiyar zuciya, bai saki hannuna ba.

"To," ya ce. "Wanga na san shi."